Janareto a Bayan Tagar Mai Jego

Ko zan manta komai na farkon shigata harkar inji, ba zan manta ranar da wata duba-gari ta shigo gidanmu a Ƙofar Ran ba.

Lokacin shekarata goma sha tara, kuma ba wanda ya koya min gyaran janareto. A waya na koya. In kalli bidiyo, in kwance na maƙwabta, in mayar, ya tashi. Kaina ya kumbura sosai. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha bayanin filogi da kafireta, ko bai tambaya ba.

Yayata ce ta zo wankan gida, haihuwar fari, ana tsakiyar zafin bazara, wuta kuma sai ta yi kwana uku ba a kawo ba. Mijinta ya sayo ƙaramin janareto saboda fanka. Sai batun inda za a ajiye shi. Tsakar gidanmu tafin hannu ce, kuma a nan ake hura wutar ruwan wankan jego safe da yamma, ba mai kai fetur kusa. Ƙofar gida kuwa, kana juya baya an ɗauke. Sai na tuna da ɗan lungun da ke bayan ɗakin da aka sauke ta, tsakanin katangarmu da ta maƙwabta. Na cusa shi ciki, na ɗora kwanon rufi a sama, na toshe bakin lungun da tsohuwar katifa don ƙara kada ta dami jaririya, na zuro waya ta taga. Kowa ya yaba min.

A satin ne mai unguwa ya sanar a masallaci cewa gwamnatin jiha ta hana kunna janareto a ɗaki ko a zaure ko a gindin taga, kuma ma'aikata za su zagaya. Na ji da kunnena. Na ce a raina lungu ai waje ne.

Kwana huɗu Yaya tana fama da ciwon kai da jiri, har da amai. Innarmu ta ce jego ne, jininta ne bai dawo ba, a ƙara mata kunun kanwa da gasasshen nama. Jaririyar kuwa barci kawai take yi, ba kuka, nono ma sai an tashe ta da ƙyar. Masu zuwa barka sai yabo suke yi, wai Allah ya ba mu yarinya mai haƙuri. 

A rana ta biyar bayan azahar duba-garin ta yi sallama. Dattijuwa ce, da gani ta sha yawo, ko muryarta ba ta fita sosai. Da yake mace ce, har ɗakin mai jego ta shiga ta yi barka. Tana zaune ta bi wayar da ido har taga, ta tambayi wanda ya yi wannan aikin. Na matso da saurina, na soma zuba mata bayanin kwano da katifa. Ta bar ni na gama.

"Ɗana," ta ce, "hayaƙin da ke kisa ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Ka rufe sama, ka rufe gefe. Ta ina kake so ya bi?"

Na waiga. Taga ce kaɗai a buɗe.

Ta ce in kashe yanzu. Da kanta ta sunkuci jaririyar ta fito da ita tsakar gida, hannuwan yarinyar suna reto. Ni na ruga titi na taro keke mai ƙafa uku. A asibiti aka sa musu iska, ita da uwar, suka yi kwana biyu. Likita ya gaya wa Baba cewa da an ƙara yini ɗaya a ɗakin nan, da wani zancen ake yi. Ba wanda ya yi min faɗa a gida. Inna ta miƙo min abinci kamar kullum, ni ne na kasa ci.

Yarinyar yanzu tana firamare, ba ta da aiki sai surutu. Ni kuma gyaran janareto ya zama sana'ata, kuma duk gidan da na shiga sai na faɗa: a fitar da shi fili, nesa da taga, ko da sai an sa sarƙa an zauna gadinsa. Sai a ce min to, ina fita a mayar da shi zaure saboda ɓarayi. Ma'aikata ba za su iya shiga kowane gida kullum ba, wuta kuma ba ta gyaru ba. Wallahi bakina ya gaji, amma ban isa in yi shiru ba.

Abin da na koya shi ne, in hukuma ta kafa dokar da ta shafi rai, kada ka zauna neman ta inda ba ta kama ka ba. Ni na nema na samu, kuma saura kaɗan 'yar yayata ta biya da ranta.