Firmina da Ƙadangarun Raso

Firmina mai sayar da kifi ce a garin Tarrafal da ke bakin teku. Shekarar da ta haifi 'yarta Zulmira ruwan sama ya ƙi sauka, masara ta bushe a gona, ita kuma nono ya ƙafe mata. Mijinta Anselmo ya tura kwalekwalensa zuwa Raso, tsibirin duwatsu da ba kowa a cikinsa, ya dawo bayan kwana uku da buhu yana motsi. Da ya kwance bakin, sai ga ƙadangaru masu kaurin damtsen mutum.

Firmina ta ja da baya. "Kai Anselmo, yunwar ta taɓa maka kai ne? Ni zan ci wannan?"

"Dafa dai, uwargida," in ji shi. "In ba daɗi, ki bar mini rabonki."

Ta dafa tana kau da kai, ta ci tana hawaye. Kafin mako ya zagayo nono ya dawo. Da wannan naman gidansu da na maƙwabta suka kai ga damina.

Zulmira ta girma har ta haifi 'ya'ya bakwai. Ƙadangarun kuwa suka yi ta raguwa, har masunta suka daina ganin ko ɗaya. Wata rana labarin ya kai kunnen Firmina.

Tun daga ranar, in jikokinta suka zagaye tukunya, sai ta tsayar da su kafin su sa hannu. "Ku gode wa Allah, ku gode wa na Raso. Ba don su ba, da babu ko ɗayanku a nan."