Neman Aure a Runka da Digirin da Na Kasa Faɗar Sunansa

Mun tashi da asuba daga Katsina, ko lazimi ban tsaya na ƙarasa ba, don duk mai zuwa Batsari a wannan zamani ya san da hantsi ake shiga, kafin rana ta yi sanyi a fito. Mu uku ne: ni, da wani aminina tsohon hedimasta mai bakin tsiya, da kawun yaron da za mu nema wa aure. Yaron sunansa Nazifi, ɗan wana ne marigayi, a hannuna ya tashi. Yarinyar da yake so 'yar Runka ce, malamar firamare, kuma sun daidaita kansu tuni. Abin da ya rage shi ne manya su je su yi magana, a ba shi ko a hana shi. Ni ne uba, ni ne mai baki. Na zuba babbar rigata ta Juma'a, muka ɗauki goro da alewa, ina tafe ina jin kaina.

A tasha muka tarar kuɗin mota ya kusa ninka wanda na sani. Da na yi ƙorafi, direba ya ce in tambayi gidan mai, shi ma ɗan aike ne. Aka cusa mu huɗu a baya, gugar rigata ta mutu tun ba mu bar gari ba. Hanya da farko lafiya lau, daga baya ramuka suka karɓe ta. Shingen jami'an tsaro kuwa ba a jimawa sai an tarar da wani, direba ya rage gudu, a leƙo a dube mu, a ce Allah ya kiyaye. Damina ta yi kyau bana. Gero ya fitar da kai, dawa ta yi duhu, gyaɗa ta rufe ƙasa. Amma can nesa da titi sai ka hangi gonaki manya ciyawa ta cinye su, ba wanda ya iya zuwa ya noma. Akwai inda muka kai direba ya kashe rediyo da kansa, kowa ya kama bakinsa sai salati, har muka wuce.

Da hankali ya kwanta ne hedimasta ya tono abin da nake gudu. Ya ce, "Wai Alhaji, in an tambaye ka me yaron nan ya karanta, me za ka ce?" Na fara kame-kame. Gaskiyar magana, digirin Nazifi ba na sashe ɗaya ba ne. Ya ɗebo daga ilimin noma, ya ɗebo daga tattalin arziki, ya haɗa da nazarin zaman jama'a, jami'a ta ɗaure mashi su wuri guda ta ba shi takarda. Hedimasta ya kwashe da dariya ya ce, "Au, digirin garau-garau ke nan, shinkafa da wake, saura mai da yaji!" Mota ta ɗauki dariya. Wata baiwar Allah a gaba ta waiwayo ta ce ita dai nata ɗan nas ne, kowa ya san aikinsa. Ni ma na yi dariyar, amma wallahi ta ciki na ciki.

Ku fahimce ni. Mu nan karatu sai da suna ake ganin girmansa. Likita, Injiniya, Barista. Mai gyaran janareto ma Injiniya muke ce mashi ya amsa. Nazifi yana da aikinsa a wata ƙungiya mai taimakon manoman da rashin tsaro ya raba da gonakinsu, aikin ne ma ya kai shi Runka har ya ga yarinyar. Ya kuma sami gurbin digiri na biyu. Duk da haka abin bai cika mani baki ba, don ba ni da kalma ɗaya da zan jefa a zaure a ce masha Allah.

Mun shiga Batsari da hantsi. Duk wanda ya je Batsari bai ci rogo ba ya yi asarar kuɗin mota. Muka sami wata dattijuwa a bakin tasha da dafaffen rogo fari tas, ta barbaɗa mana garin ƙuli da yaji, muka kora da koko. Garin ya cika fiye da yadda na san shi. Wani mai shayi ya ce mani yawancin baƙin fuskokin nan mutanen ƙauyukan wajen Ruma ne, wasu sun zo kwana biyu ne, ga shi har 'ya'yansu sun shiga makaranta a nan. Kayan miya da arha, amma hatsi ya yi tsada a garin da ake noma shi, abin da ya ba ni mamaki ke nan.

Motar Runka ba ta da lokaci, sai ta cika. Da muka ga rana na yi, muka hau a-kori-kura tare da buhunan taki da wata akuya da ta ɗauki gefen rigata abincin safe. Hedimasta ya riƙe ƙarfe da hannu biyu yana kiran sunayen Allah, ni kuwa na ce alhakin dariyar ɗazu ne. A hanya muka yi ta wuce 'yan sa-kai bisa babura, da mata masu tallar nono suna tafe a ayari, ba mai yarda ta ware ita kaɗai.

A Runka an karɓe mu hannu bibbiyu. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka kawo fura mai sanyi da nono kindirmo, irin wadda rabona da ita tun ina saurayi. Gaisuwa kawai ta ci lokaci: gida, iyali, damina, gajiya, ya muka ji da haƙuri da zaman yau. Kamar yadda aka saba, uban yarinya ba ya bayar da ita da bakinsa. Wansa ne waliyyi, wani dattijo mai shanu, mai faɗa a ji. Uban kuwa ya koma gefe ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Dattijon ya tambayi asalinmu, na zayyano. Ya tambayi halin yaro, kawunsa ya ba da shaida. Sannan ya gyara zama ya ce yayar yarinyar nan injiniya ke aurenta, to shi wanga yaro mi ya karanta? Na ji dariyar cikin mota tana dawo mani a kunne. Na tuna wani hoto da na taɓa gani na Nazifi tsaye cikin shanu da dogon takalmi. Kafin in yi shawara da zuciyata, bakina ya riga ni.

"Likitan dabbobi ne," na ce.

Kai jama'a! Zaure ya ɗauki masha Allah. Dattijo ya washe baki ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, shanunsa sun kwana biyu ba lafiya, ashe likita na shirin shigowa gida. Nan take ya fara lissafa maƙwabtan da za su amfana. Kawun yaron ya dube ni, na kau da kai. Aka ce a je a yi azahar, in an dawo a ba mu amsa a shafa fatiha.

Ina tsugune ina alwala uban yarinyar ya zo ya tsuguna kusa da ni da butarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, wanga yaro ya daɗe yana shigowa garin nan. Ranar da saniyata ta kwanta, na roƙe shi ya yi mata allura. Ya ce mani shi ba likita ba ne, ya kira wanda ya iya. Tun ran nan na ji zan iya ba shi ɗiyata. Yau kuma ga ubanshi ya ce likita ne. To maganar wa zan ɗauka?"

Ruwan da ke hannuna ya zube ban sani ba. Na ce mashi kuskure ne, ya rufa mani asiri, in mun koma zan gyara. Ya girgiza kai ya ce maganar da aka yi gaban dattawa, gaban dattawa ake janye ta, shi ba zai bari a shafa fatiha a kanta ba. Sallar nan dai na yi ta, amma Allah kaɗai ya san abin da na karanta a ciki.

Da aka koma zaure na nemi izini, na cire hulata na riƙe a hannu, na ce maganar da na faɗa ɗazu ba haka take ba, yaro ba likita ba ne, ni na ƙara gishiri. Da gemuna fari, gaban mutanen da ban taɓa gani ba sai yau! Na so ƙasa ta tsage in shige. Dattijo ya dube ni ya ce to mi ya karanta? Nan ma na kasa. Na ce noma ne, amma ba noma ba ne, akwai harkar kasuwa, akwai ta mutane. Sai uban yarinyar ya buɗe baki karo na farko a zauren. Ya ce shi ma bai san sunan karatun ba. Abin da ya gani dai, lokacin da rigima ta tashi kan burtali, wato hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki, yaron ya zauna da manoma ya zauna da makiyaya har aka sasanta, kuma shi ya haɗa kan masu gyaɗa suka daina sayarwa ɗaiɗai a wulaƙance.

Dattijo ya ce yaro ba shi da laifi, amma shi ba a yi mashi haka. Bai hana ba, bai bayar ba. Ya ce a bari sai bayan kaka a sake zama, kuma in za a dawo, a turo wani ya yi magana, ba ni ba. Ko ƙullin goron ba a kwance ba.

Ta Safana muka biyo, don motar da muka samu ke nan kuma la'asar ta gabato. Garin shiru, 'yan ofisoshi sun watse, sai masu gasa masara a bakin hanya. Hedimasta ya saya ya miƙo mani, na kasa kai wa baki. Mutumin da tun safe bakinsa bai huta ba, sai da muka kai Dutsin-ma ya ce, "Alhaji, ni ma da hannuna a ciki." Kawun yaron kuwa taga ya kalla har Katsina.

Ana kiran magariba muka iso. Nazifi na tsaye a ƙofar gida, ya sha sabuwar hula, yana hango mu ya taho da murmushi zai karɓi jakata. Bayan salla na zaunar da shi na faɗa mashi komai, ban rage ba. Da na gama, ya ce, "Baba, da ka ce ba ka sani ba, ai ba laifi ba ne."

Na ce to yanzu ya sanar da ni. Ya yi mani bayani a natse. Ya ce matsalar ƙauye ba ta zuwa sashe-sashe. Manomin da ya rasa gona, maganar ƙasa ce, maganar kasuwa ce, maganar zama da maƙwabci ce, duk a lokaci guda, shi ya sa masu aikinsu suka ɗauke shi. Bai ɓoye mani wahalar ba. Ya ce akwai wuraren da ya nemi aiki aka ce ba su san inda za su sa shi ba, kuma da ya nemi digiri na biyu wani sashe ya ce shi ba nasu ba ne, kafin wani ya karɓe shi saboda wannan haɗin da ya yi. Ya ce mai irin takardarsa dole ya iya bayanin kansa, don takardar ba ta yi mashi.

Abin da tafiyar nan ta koya mani ke nan, kuma ina faɗa wa iyaye irina. In ɗanka ya karanto abin da ba ka da sunansa, zaunar da shi ka tambaya tun kafin a tambaye ka a zaure. Kayan aro ba ya rufe katara. Karatun yaron nan ya ci da shi, ya buɗe mashi gaba, har ya sama mashi mutunci a garin da ba nasa ba. Ni da na je in ƙara mashi daraja, ni na rage ta.

Da ya miƙe zai fita, ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. Ya ce, "Sun ce a turo wani ko, Baba?" Na ce haka suka ce.

Ya ce, "To wa zan tura? Ni ba ni da wani uban."