Akwatin da ya faɗo a garkar yayana

Shekarun baya, ina sabon malamin kimiyya a kwalejin Illela, inda ake kirana Mushe, wato Malam a Faransanci, aka aiko mini daga ƙauyenmu kusa da Badaguishiri wai wani abu ya faɗo daga sama cikin garkar albasar yayana. Na hau babur na tafi.

Na tarar da akwatin ƙarfe ɗaure da wata ƙatuwar lema, ya kwantar da albasa mai yawa. A jikinsa an rubuta da Faransanci cewa kayan bincike ne, kada a buɗe, a sanar da hukuma. Nan take na gane shi, don mun karanta a jami'a a Yamai. Akan ɗaura irinsa a balan-balan ya hau can ƙololuwar sama, ya kama sawun wasu ƙananan ƙwayoyi da ke zubo wa duniya daga sararin samaniya. A ciki akwai faifai irin na hoto, da haske ya taɓa shi ya lalace. Ni ban taɓa ganinsa ba sai a zanen littafi.

Sai dai yayana ya riga ni. Ya ɓalle murfin da gatari ya leƙa, ya yanki lemar ya rufe rumbu.

Na ce, "Yaya, ka san abin da ka ɓata kuwa?"

Ya nuna albasarsa. "Ni dai na san abin da ya ɓata min. Ka bar zancen ga nan, mu gina rami mu turbuɗe shi."

Ban bari ba. Na tafi buro, ofishin hukuma, na kai rahoto da Faransancina mai kyau, har da bayanin da ba a nema ba. Da aka ce wa ya buɗe, na faɗa. A raina ina hango masu binciken zaune da ni muna zancen ilimi.

Bayan kwana huɗu suka zo, Turawa biyu da direba. Babban ya leƙa akwatin, ya girgiza kai. Na fara tambayarsa game da faifan, sai ya miƙo mini igiya in taya direba ɗaurewa. Iyakar hirarmu ke nan.

Yayana kuwa kwana tara ya yi a tsare a wurin jandarma. Rani ne, matarsa na jego, ni kuma na koma aji. Albasar ta ƙone saboda rashin ban ruwa.

Ran da aka sake shi na je ɗaukarsa. Ya dubi babur ɗin, ya dube ni.

"Tahi abinka, Mushe. Ƙahwa ta ishe ni."

Ba kai rahoton ke ci mini rai ba har yau. Da na ce a buɗe na tarar da shi, da ba wanda zai matsa mini. Na faɗa ne don a san ni ba irinsa ba ne.

Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka. Muna gaisawa, muna zama tabarma ɗaya a suna da jana'iza. Amma bai sake kirana da sunana ba. Mushe nake a bakinsa har ya rasu.