Ruwan tsohuwa a cikin radiyata

Motar da na gada wurin mahaifina ta girme ni, kuma ciwonta uku ne. Tankinta na ɗigar esansi, sai na murza sabulu a tsagar. Da safe ba ta tashi sai an tura, har maƙwabtana a Matameye suka koyi ɓuya in sun ga na fito da makulli. Na ukun shi ya fi ci mini rai: radiyata na yoyo, kullum tana neman ruwa.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya riga ya cinye mu. Aka aiko mini daga wani ƙauye bayan Dawce cewa Inna, mahaifiyata, dusa take dafawa. Na sha layi kwana biyu wurin rabon da soja ke tsaro, na samu buhun jar dawa ɗaya. Na ɗora shi a baya na kama hanya.

Ban yi nisa ba tururi ya fara tashi daga gaban motar. Na buɗe, ko ɗigo babu, jarkata ma ta ƙare. Na zuba garin kuka a radiyata yadda direbobinmu ke yi don ya toshe huda, amma kuka ba ta aiki sai da ruwa.

Can gefen hanya na hango rijiya. Wata tsohuwa na zaune a bakinta, tana jiran ruwa ya tsatso. Tun hantsi abin da ta tara bai wuce rabin tulu ba, shi ma duk laka.

Na ce, "Iya, a taimaka da ruwa, akwai mai ƙishirwa."

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗauko tulun da kanta ta biyo ni, tana cewa Allah ya sa ba yaro ba ne. A gabanta na juye shi duka a cikin motar.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗana, ashe ƙarfe ka roƙar wa?"

Kunya ta kama ni, ni kuwa in na ji kunya faɗa nake yi. Na daka mata tsawa cewa uwata ce ke yunwa. Ta ɗauki tulunta ta koma bakin rijiya. Buhun na nan a bayana, na ji tsoron in na kwance shi mutane su taru a kaina, na ja mota na tafi.

Na iske Inna da rai, ta rame har na kasa haɗa ido da ita. Da ta ɗan ci tuwo na ba ta labarin, ina jiran ta yaba mini dabara. Ta janye hannunta daga akushi.

"Tiya nawa ka auna mata?"

Inna ta rufe akushin, ranar ba ta ƙara ko loma ba.