Inda Motar Hawaja Ta Tsaya

Wata Talata ce a watan Rajab, ina da shekara tara, na dawo daga famfon unguwa da garwar ruwa a kaina, sai na tarar da wani direban lori a ƙofar gidanmu a unguwar Karantina ta Jidda, Baba na tsaye gabansa ko takalmi babu. Saƙo ya kawo daga Makka: jikin Kaka Hajara ya yi tsanani, kuma tun jiya sunana kawai take kira. Ita ta raine ni, sunanta na ci, kafin ta tattara ta koma Makka kamar yadda tsofaffinmu kan yi, don ajali ya same ta kusa da Harami.

Gidanmu na katako ne da gwangwanin kananzir, in rana ta take sai ya koma tanda. Aikina ɗebo ruwa da ɓarar gyaɗar da Inna ke soyawa, in na samu sarari in faɗa wasan langa a lungu. Iyakar duniyarmu kasuwar Balad, domin Baba ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. A ƙasa ya zo ta Sudan, ya yi hajji, ya maƙale. Ko hular askari, wato ɗan sanda, ya hango sai ya sauya hanya, yana cewa, "Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

Kanikanci yake yi a garejin wani tsohon Bature da muke kira Hawaja. Mutumin Ailan ne, in ka ce masa ɗan Ingila ka jawo wa kanka masifa. Tseren mota ya yi a samartakarsa har ya karya ƙugu, sannan ya zo Jidda yana sayar da injinan ruwa da kayan mota. Akwai hotonsa a bango cikin wata doguwar mota mai kujera ɗaya, amma mu dariya muke masa, don kullum bayan jakunan 'yan ga-ruwa muke ganinsa yana rarrafe da mota, muna ihun ga sarkin gudu.

Ranar nan na daina dariya. Baba ya ja ni garejin ya faɗa masa, shi kuwa ya ɗingisa ya buɗe jar motarsa, ya ce da gurguwar Larabcinsa, "Yalla, ku shiga." Muna fita gari hannunsa ya zama na saurayi. Iska na dukan fuskata, duwatsu na gudu baya, ina ta murna yau zan ga Kaka.

Sai ya taka birki. Mun iso allon da wanda ba Musulmi ba ba ya wucewa, can gaba kaɗan kuma ga shingen masu duba takardu. Hawaja ya zare makulli ya miƙa wa Baba don ya ƙarasa da ni. Baba ya daɗe yana kallon makullin, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan, ya Hawaja. In suka kama ni, wa zai ciyar da yara shida?" Na yi kuka, na ciji hannunsa, na ce matsoraci ne. Ya saɓa ni a kafaɗa muka zagaya ta bayan duwatsu cikin ranar nan. Da na waiwaya, tsohon na jingine da motarsa, hula a hannu. Mun isa Makka bayan magariba, an sallaci Kaka tun la'asar.

Shekaru na yi ina riƙe da Baba a zuciya, sai da na haifi nawa na gane nauyin makullin nan. Yau an rushe Karantina, jirgin ƙasa na kai mutum Makka kafin shayinsa ya huce, jikata ma ita ke tuƙa ni a mota. Amma duk lokacin da muka iso allon nan sai in ce ta rage gudu. A wurin nan nake neman gafarar mahaifina.