Motar da Na Haɗa Daga Dama

Shekarar da aka ba da mulkin kai ina ɗan ashirin da biyu, kuma ba abin da nake so a duniya irin in zama makanike. A Argungu muke, ni da mahaifina, muna yanka garwar kananzir da gwangwanaye muna ƙera fitilu da mazurarai. Ni kam na tsani sana'ar nan, ba ɓoye-ɓoye. In motar kifi ta tsaya a kasuwa aka buɗe injinta, to an rasa ni a rumfa ke nan sai ta tashi.

Wani direba ne ya gaya mini cewa Baturen injiniyan da ke garejin hukuma a Birnin Kebbi yana shirin komawa ƙasarsu, kuma zai ɗauki mutum guda koyon aiki kafin ya tafi. Na bi shi muka je. Baturen ya dubi hannuwana duk tabon dalma, ya shiga ofis ya fito da akwatin kwali. A ciki akwai babbar mota ta wasa, amma a wargaje: ƙarafa, tayoyin roba shida, kusoshi ƙanana kamar ƙwayar dawa, da ɗan inji irin na agogo wanda ake murɗawa da makulli. Foman ɗin garejin, wani dattijo Bakabe, shi ke tafinta. Ya ce, “Bature ya ce ka haɗa ta awa yadda takarda tan nuna, ka kawo nan da kwana goma sha huɗu. In ta yi, aiki naka na.”

Takardar duk zane ne, hotuna takwas, huɗu a sama huɗu a ƙasa, kowane da lambarsa ta boko. Ban san boko ba, amma na sauke Alƙur'ani, don haka ban ji tsoron takarda ba. Na shimfiɗa ta a tabarma, na yi bisimilla, na fara daga inda kowane mai hankali yake fara karatu, wato hannun dama.

Hoton da na ɗauka na farko ya nuna a ɗora kan motar, wato mazaunin direba, na ɗora. Da yake ban yarda da kusoshin Turawa ba, sai na bi da dalma na liƙe shi gam, yadda muke liƙe gindin fitila. Sai da na kai hoton ƙarshe na layin, can hagu, na ga ana sa injin a daidai wurin da na riga na rufe. Na juya, na karkata, na zagi Baturen da ya zana takardar, na ce lallai a buge yake. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa laifin nawa ne ba.

Da na ga ɓalle kan zai lalata komai, sai na ce to injin ya koma baya. Na yanke ƙasan bodin, na yi masa gida da gwangwanin madara, na ja ƙarfen tayar keke daga injin zuwa tayoyin baya. Ta tafi. Da na ga injin yana da sauran ƙarfi, kwaɗayi ya kama ni: na ƙara wani ƙarfen da ƙugiya, yadda in ta yi taku goma sai bodin ya ɗaga da kansa ya zubar da kaya. Na feƙe katako siri-siri na yi mata gefe irin na motocinmu, na shafa shuɗi. Ranar da na gwada ta a ƙofar gida na loda mata shinkafa gwangwani guda, ta tafi tana ƙara, ta tsaya, ta juye. Mahaifina da ba ya yabon kowa ya ce, “Kai, wagga ko Nasara sai shi duba sau biyu.”

Ya kuwa duba. Sau uku Baturen yana murɗa ta a kan simintin gareji, yana durƙushe yana dariya, makanikai sun bar aiki sun kewaye mu. Ni a zuciyata har na fara zaɓen inda zan riƙa rataye rigata. Sai ya miƙe ya ɗauki takardar, ya dubi motar, ya dubi takardar, ya yi magana.

Foman ya ce, “Shina tambaya, daga ina kah hwara?”

Na ɗora yatsa a kan hoton dama. Wani makanike ya kwashe da dariya, foman ya harare shi. Baturen bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya yi dogon bayani, foman ya gajarta mini shi: kowane injin da ke garejin da littafinsa yake zuwa, kuma shi in ya tafi ba wanda zai tsaya a kaina. Na ce a nuna mini yadda ake yi yanzu, in sake haɗa wata. Foman bai ma fassara ba. Ya ce, “Yi haƙuri, ɗana. Jibi shika tahiya, kuma akwai wanda yag gama firamare.”

Motar ma ban dawo da ita ba. Baturen ya ce zai kai wa ɗansa, kuma kayansa ne, me zan ce? Ita ta shiga akwati ta tafi Ingila, ni na hau bayan motar gishiri na koma Argungu, ina kuka kamar ba namiji ba.

Bayan shekara uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, lokacin garejin ya daina duban kowa sai mai takardar shaida. Ranar farko malamin ya ɗaga littafi, ya sa yatsa a gefen hagu ya ce, “Boko daga nan aka hwara shi.” Ya wuce zuwa darasi na gaba. Maganar ba ta kai tsawon shan ruwa ba.