Kwali Huɗu da Na Ƙone a Faisal

Shekara talatin da bakwai ke nan da muka sa Lawali a ƙasa a Alƙahira, kuma har yau ban taɓa rubuta kalma ɗaya a kansa ba. Na yi ta'aziyyar mutane da yawa a wannan shafi, har waɗanda sau ɗaya tak muka gaisa, amma mutumin da muka yi shekara takwas muna sa hannu a kwano ɗaya kullum sai in tsallake shi. Kunya ce ta hana ni. Ni na ƙone aikin rayuwarsa da hannuna, kuma a lokacin gani nake lada nake samu.

Abin da ya tone mini ciwon bana labarai ne. An nuna wani jirgin gwaji marar matuƙi, an sako shi daga ƙarƙashin wani babban jirgi, ya tsaga sama da gudun da aka ce ya ninka na sauti sau biyar ko fiye. Mutanen da suka ƙera shi suna ta rungumar juna. Na tashi na kashe talabijin, iyalina suka bi ni da kallo.

A ƙarshen shekarun saba'in muka haɗu da Lawali. Ni Bakano, shi Badamagare, saboda haka tsiya a tsakaninmu gado ce. Dukanmu karatun addini ya kai mu Masar. Mahaifinsa babban malami ne mai zaure, kuma ya tura shi ne don ya dawo ya gaje shi. Bayan shekara biyu Lawali ya tattara ya koma babbar jami'ar da ke Giza, sashen injiniyoyi. Da labari ya isa gida, wasiƙa ɗaya ta zo, gajeriya, daga ita kuma tsohon bai sake rubutowa ba. Lawali yana aika tasa duk Sallah, amsa ba ta zuwa.

Wata rana a ɗakinmu na unguwar Faisal Lawali ya ce mini, "Malam, ranar da injin nan ya kama, takardun nan zan ɗauka in ajiye gaban Baba. Ba sai ya gane lissafin ba. Ya dai ga ba yawo na zo yi ba."

Injin da yake magana a kai, na ji bayaninsa har na haddace ba don ina so ba. Injin jirgin da muka saba hawa yana da farfela a ciki, ita ke juyawa ta matse iska. Roka kuwa da iskarta take tafiya a tanki. Nasa babu abin da ke juyawa, babu tanki, gudun jirgin ne kawai ke cusa masa iska ta baki. Wahalar ita ce iskar tana ratsa shi da irin saurin da wuta ba ta samun wurin zama. Yakan ce kamar ka riƙe aci-bal-bal ne a bayan buɗaɗɗiyar mota. Shi aikinsa ɗan lungu yake nema a cikin injin, wani ɗan rami da za a sassaƙa a jikin ƙarfe, inda harshen wuta zai laɓe iska ta wuce ta bar shi. Ni kuma in ce masa mutanen Damagaram ba su gama da raƙumi ba sun tafi neman abin da ya fi tsawa gudu.

Na yi masa dariya a farko, daga baya tsoro ya kama ni. Jirgin gwaji dai ba shi da shi, ba shi da ma wanda zai yi masa alkawarinsa. Abin da ke akwai wani dogon bututun ƙarfe ne a sashensu, ana matse iska a sake ta, ta bi ta kan ɗan ƙarfen da ya sassaƙa. Gwajin bai kai ƙiftawar ido ba, shirinsa kuwa sai ya ci wata biyu, kuma layi ake bi. Ya gwada, wuta ta mutu. Ya sake sassaƙa, ta mutu. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Abokanmu suka gama, suka koma gida, suka yi aure, shi yana nan yana goga ƙarfe a tagar ɗaki. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Akwai ranar da na same shi zaune a ƙasa, takardu baje kewaye da shi, ya ɗago ya ce, "Idan abin nan bai kama ba, da wace fuska zan shiga gida? Karatunsu na bari, nawa kuma ba ni da abin nunawa." Sai na tashi na ɗora shayi.

Wata Alhamis da la'asar ya sauko daga ƙaramar bas yana sauri, ya hawo bene yana haki. "Ta kama, Malam. Khalas, shi ke nan, wutar ta zauna." Ya nuna mini wani hoto mai duhu da ɗan fari a tsakiya. Na ce masa ni dai tabo na gani. Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya liƙa hoton a littafinsa. Sati bai cika ba zazzaɓi ya kayar da shi. Muka ɗauka gajiya ce. Kafin mu kai shi asibiti abin ya yi nisa, kwana tara ya yi a kwance Allah ya karɓi abinsa.

Ni kuma na riga na gama karatu, tikitina na hannu, saura kwana biyar in tashi, ɗakin ma an ba wasu. Tufafinsa na ƙulle don in kai gida. Sai takardu, kwali huɗu cike. Mai gadin gidan ya ce in bar masa, ma'alish, wato ba komai, zai san yadda zai yi da su. Na san yadda zai yi da su. A awo zai sayar wa masu ta'amiyya, ƙosan Misirawa, su riƙa naɗe wa mutane, a ci a yar a titi. Lawali kuwa ɗan zaure ne har ya mutu, babu shafin da ya taɓa fara lissafi a kai bai rubuta Bismillahi a samansa ba. Mu kuma yadda aka rene mu, takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a barin ta a taka. In ba za ka iya adana ta ba, ka ƙone, ka kai tokar inda ƙafa ba ta zuwa.

Za a tambaye ni me ya hana in kai wa malaminsa. Na yi wa kaina wannan tambaya fiye da yadda kowa zai yi mini. A karatun da na sani, ɗalibi ba ya riƙe abin da babu shi a kan malaminsa. Duk abin da ka rubuta, daga bakinsa ka ji, kuma yana cikin littafi a wani wuri. Ko kusa ban kawo a raina cewa akwai karatun da ɗalibi ne kaɗai a duniya yake da shi ba. Akwatina biyu na cika su da littattafaina masu ruwan zinariya a bango, irin waɗanda yau ko'ina ka shiga a kasuwar Kurmi za ka same su jibge. Na hau saman bene bayan Azahar da rabin duro da kwalbar kananzir. Ina sakawa ina yi masa addu'a. Da toka ta huce na kai ta Kogin Nilu na zuba, na dawo zuciyata wasai.

Ana gobe zan tashi malamin nasa ya zo, wani dattijon Bamisire da Lawali ke kira Daktur. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya tambayi littattafan. Na gaya masa abin da na yi, har da ɗan alfaharina. Ya nemi bango ya jingina. "Ya ibni," ya ce, wato ɗana, "ƙarafan suna wurina, akwati guda. Wanne ne ya kama? Da wane awo, da wane mai? Shi kaɗai ya rubuta." Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Nakan tambayi kaina abin da Lawali zai ce da ya ga jirgin nan na labarai. Na san zai matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, yana neman ganin yadda suka sassaƙa cikin injin. Wataƙila ya ce hanyarsa suka bi. Wataƙila ya dafe kai ya ce ashe shi ne ya kauce. Ko wanne ne zai karɓa, don mutum ne mai son a gwada a gani. Ni na hana shi duka biyun. Ban san ko tabon nan babban abu ne ko ƙarami ba, kuma babu wanda zai taɓa sani. Yaran yanzu da ke ajiye rubutunsu a waya da kwamfuta ba za su gane yadda shekarun mutum za su shige rabin duro ba.

Idan na auna abin da ya rage nasa a duniya, ɗan kaɗan ne. Kabari a ƙasar da ba tasa ba, wanda ban tabbata zan gane shi yanzu ba. Akwatin ƙarafa da ban san inda ya ƙare ba. Sai wata magana da na ɗauko daga Damagaram, wata biyu bayan dawowata, ranar da na kai tufafinsa.

Na sami tsohon a zaure, ɗalibai sun watse. Ya shafa ƙullin kayan bai kwance ba. Can ya ce, "Karatun da ya bar namu dominsa, ina yake? Nuna mini in gani."

Na ce na ƙone, Baba. Na ce ban iya barin su a naɗe abinci da su ba, saboda akwai Bismillahi a kai.

Ya ɗago. "A wace takarda?"

"A kowace, Baba. Bai taɓa fara shafi babu ita ba."

Mutumin da ya yi shekara shida bai amsa wasiƙar ɗansa ba, sai ga hawaye yana bin gemunsa. Ya ce na yi daidai, abin da shi ma zai hore ni ke nan, Allah ya yi mini albarka. Na yunƙura zan tashi, ya riƙo bakin rigata.

"Ɗana, ka duba akwatinka da kyau. Ko guda ɗaya ba ta maƙale ba?"

Na duba. Har bangon littattafaina na ɓamɓare. Babu.